Baƙin da Maraɗi ta karɓa

A shekarar 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Sakkwato, Zamfara da Katsina, dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, akasarinsu mata da yara, wasu da goyo a baya da ƙunshin kaya a ka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kafin motocin agaji su iso, talakawan ƙauyukan Gidan Rumji ne suka buɗe musu ƙofa. Magidancin da rumbunsa bai cika ba ya share zaure ya shimfiɗa tabarma, uwargida kuma ta ƙara wa kunu ruwa domin ya ishi kowa, kasancewar harshe ɗaya ne, auratayya kuma ta daɗe a tsakaninsu.

Daga baya hukumar UNHCR, mai kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kwashe wasu zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. A ganina dabarar ta yi, domin ba a killace su a sansani ba. An zaunar da su a gefen gari, inda baƙo da ɗan gari suke ɗibar ruwa a famfo ɗaya, 'ya'yansu kuma suna zama a aji ɗaya.