Ganyen da Na Tsinto a Montiriyal

Barka ce ta kai ni Kanada. Matar ƙanena ta haihu a Montiriyal, Hajiya kuma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, sai ta ce in je in gano mata jikarta. Kafin biza ta fito har suna ya wuce da wata biyu, shi ya sa ban sauka ba sai tsakiyar Oktoba. Ranar da zan bar Kano kowa ya kawo saƙonsa, wannan takalmi, wancan turare. 'Yata ta aji biyar kuwa abu ɗaya ta roƙa: "Abba, ka kawo mini ganyen nan da ke jikin tutarsu." Na ce mata wannan ai kyauta ne, ko buhu take so za ta samu.

Na zauna awa shida a filin jirgin Paris, sannan muka yi wajen awa bakwai a sama. Da muka fito, iskar da ta mare ni ta fi hunturun Janairu, amma ƙanena daga shi sai 'yar riga mai hannu, yana cewa, "Yaya, ai sanyi bai zo ba tukuna."

Gidansu yana unguwar Côte-des-Neiges, a gindin dutsen da garin ya samo suna daga gare shi. Washegari bayan asuba na fita miƙe ƙafa. Titin nan duka gefe biyu bishiyoyi ne iri ɗaya, masu kauri, kansu a dunƙule kamar lema, ganyensu faffaɗa mai yatsu kamar tafin hannu. Yawancinsu kore ne shar, wasu sun fara komawa ruwan ɗorawa. Na ce yauwa, ga mapul ɗin nan da ake faɗa, bishiyar da ganyenta ke jikin tutarsu. Na sha wuya kafin in sami ganye mai kyau, don kusan kowanne yana da baƙaƙen tabo kamar an ɗiga masa kwalta. Daga ƙarshe na tsinko guda uku masu tsafta na koma gida ina jin na sauke nauyi.

A bakin ƙofa na tarar da maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa, tana tara ganye a manyan jakunkunan takarda. Ƙanena ya yi mata bayani da Faransanci cewa ganyen tuta na tsinto wa 'yata. Sai ta yi dariya, ta karɓi ɗaya, ta karya ƙaramin sandan da ke riƙe da shi. Wani farin ruwa ya tsatso, sak nonon tumfafiya. Ta ce wannan ba ɗan ƙasa ba ne, mapul ɗin Norway ne, daga Turai aka kawo shi. Nasu na gado, wanda ake tatsar zaƙi daga jikinsa, in ka karya shi ruwan garau yake fitowa. Ta kuma tsinto 'ya'yan bishiyar, masu fukafukai biyu da ke juyawa kamar farfela in sun faɗo, ta nuna mini yadda na baƙon suke buɗewa kusan a miƙe, na ɗan gida kuwa a lanƙwashe kamar kofaton doki. Tabon nan ma da ya dame ni, wata cutar ganye ce da ta fi kama baƙon, ba ta kashe shi, muni kawai take sa shi.

Na ji kunya kaɗan, amma ƙanena ya ce in kwantar da hankalina, waɗanda suka fi ni ma an taɓa yi musu wannan gyaran. Ya zaro takardar dala 20 ta roba ya nuna mini ganyen da ke kusurwarta. Bayan fitowarta a ƙarshen 2012, wani masanin tsirrai, Sean Blaney, ya ce ganyen na mapul ɗin Norway ne. Babban bankin ƙasar ya amsa da cewa zane ne da aka haɗa daga nau'o'i daban-daban. Na duba na sake dubawa. Ni dai a idona, da wanda ke hannuna yake kama.

Yadda baƙon ya cika gari shi ya fi tsaya mini a rai. Tun wajen 1756 aka shigo da shi Filadelfiya ta Amurka, amma bai yi kasuwa sosai ba sai tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da wata cuta ta karkashe bishiyoyin elm da ke yi wa titunan biranen yankin inuwa. Aka shiga neman abin da zai maye gurbi da sauri. Shi kuwa wannan ba ya zaɓen ƙasa. Hayaƙin mota bai dame shi ba, gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara bai kashe shi, ko an matse saiwarsa tsakanin kwalta da siminti zai rayu. Mapul na gida ɗan gata ne, ba ya jure wannan wahala. Matsalar ita ce baƙon bai tsaya inda aka ajiye shi ba. Iska ta kwashi 'ya'yansa zuwa daji, inuwarsa mai duhu ta hana ƙananan tsirrai tashi, har jihohin Massachusetts da New Hampshire suka haramta sayar da shi. Ina jin wannan sai dogon yaro ya faɗo mini. Daga yankin Indiya aka kawo mana shi, yau kuwa ka ce wa ɗan Maiduguri ko ɗan Katsina baƙo ne, ka ga kallon da zai yi maka.

Ranar Asabar muka hau dutsen Mont Royal, wanda aka buɗe gandunsa a 1876. Tsayinsa mita 233 ne kawai, amma matakalar katakon nan ta sa na tsaya hutawa sau uku. A can na ga abin da ake zuzutawa: bishiyoyi jajaye da masu ruwan lemo, kamar daji ya kama da wuta ba hayaƙi. Tsakaninsu kuma ga waɗansu kore sun ƙi sauya kaya, yanzu na san ko su wane ne. Na zama kamar yaro, duk ganyen da hannuna ya kai sai na karya in ga ruwan, har ƙanena ya ce, "Yaya, mutane fa suna kallonmu."

Kafin in taho muka leƙa kasuwar Jean-Talon na sayi gwangwani huɗu na zumar mapul. Mai sayarwar ya ce sai an dafa wajen lita 40 na ruwan bishiyar ake samun lita ɗaya, kuma a ƙarshen sanyi ake tatsa, lokacin da dare ke daskarewa rana na narkewa. Jihar Kebek, inda Montiriyal take, ita ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya ke sha. Hajiya ta zuba a masa ta ce ba laifi, amma bai kai zumar ƙudan zuma ba.

Ganye biyu na danne a cikin littafi na kawo wa 'yata, ja da rawaya. Na yi mata duk bayanin dattijuwar, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗauki rawayan ta ce shi za ta kai makaranta, ya fi girma.