Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙarnin da Ya Tarye Ni a Howth

Assalamu alaikum 'yan uwa masu biye da ni. Makon jiya mun tsaya a inda na miƙa aikin zango na biyu, bayan kwana uku ban yi barcin kirki ba. Yau labarin wata Asabar guda zan ba ku. Da farko ban so sanya ta cikin tarihin nan ba, domin akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa a cikinta, to amma na yi muku alkawarin faɗin mai daɗi da mai ɗaci.

Asabar ɗin hutun Ista ce, cikin Afrilun 2019, wata bakwai ke nan da saukata Dablin. Tun zuwana ƙasar Ayalan ban san ko'ina ba sai ɗaki, aji, ɗakin karatu, sai masallaci ranar Juma'a. Abokin zamana, wani ɗan Maraɗi da ya riga ni zuwa da shekara biyu, ya leƙo da sassafe ya ce, "Malam, yau rana ta fito, kuma a garin nan in ta fito ba a zama a ɗaki. Tashi ka je Howth ka sha iska." Shi aiki ya riƙe shi, sai ya rubuta mini a takarda: in hau jirgin ƙasa na DART a tashar Connolly, in duba goshin jirgin in tabbata Howth aka rubuta ba Malahide ba, don layin yana rabuwa biyu a hanya.

Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Koren jirgin ya ratsa bayan gidajen mutane, ya tsaya Raheny, ya tsaya Kilbarrack, har muka zo Sutton. A nan ƙasa take tsukewa ta zama siririya kamar wuyan gora, ruwa hagu ruwa dama, sannan ta sake buɗewa ta zama tudu babba da ya kutsa cikin teku. Wannan tudun shi ne Howth. Sunan ma daga bakin mutanen Baikin ya fito, waɗanda suka zo daga arewacin Turai da jiragensu, kuma ma'anarsa kai. Nan layin dogo ya ƙare, daga shi sai ruwa.

Ina fitowa daga tasha, hancina ya riga idona. Ƙarnin kifi, da jiƙaƙƙen taru, da man inji. Na tsaya cik a bakin titi, mutane suna ratse ni da kekunan jarirai da karnukansu, ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Na gaya muku tun a kashi na farko cewa ni mutumin Yawuri ne. Abin da ban gaya muku ba shi ne sana'ar gidanmu. Na ce Baba manomi ne, kuma ba ƙarya na yi ba, yana taɓa noman shinkafa. Amma asalinsa masunci ne ɗan masunci. Yana yaro aka tashi ƙauyensu lokacin da ruwan madatsar Kainji ya cinye shi a 1968, ya girma a sabon matsuguni, bai taɓa rabuwa da kwale-kwale ba. Da kuɗin tarwaɗa da karfasa da bandar da Inna take yi aka saya mini littafi na farko.

A makarantar kwana ne yara suka laƙaba mini suna Ƙarni. Ina wanke rigata sau biyu, ina goga sabulu har hannuna ya yi fari, sunan bai fita ba. Wata ranar ziyara, ina aji biyu, Baba ya zo da ƙunshin banda a takardar siminti. Na hango shi daga nesa, na ruga na tare shi a bayan katanga don kada ya shigo a gan shi. Na karɓi ƙunshin a tsaye, ko wurin zama ban nuna masa ba. Bai ce komai ba. Ya dafa kaina, ya ce in yi karatu, ya juya. Bai sake zuwa ziyara ba har na gama, sai dai ya aiko. Shekara goma sha shida ke nan a lokacin, ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba.

To wannan warin da na yi ta gudu, shi ne ya tarye ni a ƙofar tashar jirgi a Turai.

Na bi shi. Tashar ruwan Howth tana da hannaye biyu na dutse da suka rungume ruwa. Na gabas na masu yawon shan iska ne, da 'yar hasumiyar fitila a ƙarshensa. Na yamma shi ne na masu sana'a, kuma can ƙafata ta kai ni. Jiragen kamun kifi jere, shuɗi da ja, tsatsa ta ci gefensu, an jibge taru kore da ruwan lemo tsibi-tsibi. Ɗaya gefen shagunan kifi ne, an shimfiɗa shi kan ƙanƙara, ga jatan lande manya masu ƙahonni. Mutane sanye da kaya masu tsada sun yi layi suna saye, ba mai toshe hanci. A cikin ruwa, tsakanin jirage, wata dabba mai gashin baki da idanu kamar na ɗan maraƙi ta ɗago kai tana kallonmu. Sil suke kiranta. Ni dai ayu ta tuna mini, wanda Baba yake ba mu labarinsa da dare da murya ƙasa-ƙasa.

Ba don masunta aka gina tashar ba. A 1807 aka fara aikinta domin jiragen da ke ɗaukar wasiƙu zuwa Holyhead a ƙasar Wales. Aka kashe dukiya, sai yashi ya dinga cike ta, manyan jirage suka koma Dún Laoghaire a ɗaya ɓangaren gaɓar, aka bar wa masu taru wurin. Kusa da ƙarshen hannun yamma akwai sawun takalmi biyu sassaƙe a dutse, inda Sarkin Ingila Joji na Huɗu ya taka da ya sauka a watan Agustan 1821. Na tsaya ina dubansu. 'Yan sirara ne masu tsinin baki. Sai ƙafar Baba ta faɗo mini, mai faɗi, mai kaushi, yatsu a ware saboda riƙon bakin jirgi. Mutumin da ya taka dutsen sau ɗaya an ajiye sawunsa, waɗanda suka shekara ɗari biyu suna taka shi da asuba cikin sanyi ba a ajiye na kowa ba. Abin ya tsaya mini a rai.

A kan hanyar komowa na ga tsohon. Yana zaune kan kifaffen akwatin kifi, ya ja gefen taru bisa gwiwarsa, da allurar saƙa a hannu. Tasa ta roba ce, ta Baba kuwa da kansa yake feƙe ta da itace, amma siffar ɗaya ce, har ɗan harshen da ake naɗa zare a kai. Na matsa kusa. Ya zura allura cikin idon tarun, ya danne da babban yatsa, ya kewayo ta baya, ya ja. Wallahi ƙullin Baba ne, ba bambanci ko na ƙwayar gero.

Na daɗe a tsaye har ya ɗago. Ya ce, "Samari, kallo kake ko koyo?"

Na buɗe baki zan ce ɗalibi ne ni, kamar yadda na saba. Sai na ji kaina ina cewa, "Mahaifina masunci ne." Ban taɓa faɗin wannan magana ga baƙo ba tun ina shekara goma sha biyu.

Bai yi mamaki ba. Ya tambayi wane teku, na ce kogi ne, Kwara, wanda su suka sani da Neja. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini allurar kawai. Na tsuguna. Zaren nasu kauri gare shi, ya fi namu tauri nesa ba kusa ba, ƙullin farko ya zame. Na biyu ma haka. A na uku yatsuna suka tuna abin da kaina ya manta, na rufe idon taru ɗaya, na rufe na biyu, na bi yagewar har na kai ƙarshenta. Tsohon ya karɓa, ya sa yatsu biyu ya ja da ƙarfi, ƙullin bai motsa ba. Ya ce, "Wanda ya koya maka ya san aikinsa."

Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

Ya buɗe fulas ɗinsa, ya zuba mini shayi a murfin, baƙi ƙirin da 'yar madara. Na ce a'a na gode, ya ce a Howth ba a mayar da baƙo da yunwa, kuma akwai dalili. Ya nuna wajen gidan sarautar garin da haɓa, ya ba ni labarin da suke bayarwa: a 1576 wata shugabar mayaƙan teku daga yammacin ƙasar, Grace O'Malley, ta biyo ta nan ta nemi masauki, aka ce mata masu gida suna cin abinci, ƙofa a rufe take. Ta kama magajin gidan ta tafi da shi. Da aka je fansa ba ta nemi zinariya ba, alkawari ta nema: kada a sake rufe wa baƙo ƙofa, kuma kullum a ajiye kwano ɗaya na ƙari a wurin cin abinci. Yana faɗa yana dariya. Ni ban iya dariyar ba, bayan katangar makarantarmu nake gani, da mutumin da na hana shiga.

Na yi masa godiya na kama hanyar tudu. Siririyar hanya ce da ta bi gefen dutse, teku a can ƙasa yana dukan duwatsu, tsibirin Ireland's Eye a baya da tsohuwar hasumiyarsa, tsuntsayen ruwa suna ta kuka. Wata ƙaya mai furanni rawaya ta rufe gangaren, ƙamshinta kamar na kwakwa. Na yi tafiya har na hango fitilar Baily a kan hancin dutse, wadda aka gina a 1814, ita ce ta ƙarshe a ƙasar da mutane suka kwana suna tsaronta, sai a 1997 suka bar wa na'ura. A nan azahar ta same ni. Na yi alwala da ruwan gorata, na duba alƙibla a waya, ta nuna kudu maso gabas, wato cikin teku sosai. Na shimfiɗa rigar sanyina a ciyawa na yi salla.

Da na sallame na kira ƙanena ta WhatsApp, na ce ya kai wa Baba waya. Ya same shi a gindin mangwaro, kuma ina jin muryarsa na san abin da ke kan gwiwarsa. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Mai boko, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Na zo garin masunta ne."

Na juya masa kyamara ya ga ruwan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ina ɗaya gaɓar?" Na ce ba a ganinta. Ya tambaya ko da tarwaɗa a ciki, na ce ruwan gishiri ne, kifinsu daban. Ya tambaya wane ne Sarkin Ruwansu. Sai na ba shi labarin tsohon, da allurar, da ƙullin da ya zame sau biyu.

"Na ukun fa?"

"Ya kama, Baba."

"To ba ka danne da babban yatsa ba ne da farko. Tun kana yaro haka kake, gaggawa."

Na ce, "Baba, ranar da ka zo makaranta da banda..." Ban kai ƙarshe ba ya katse ni. Ya ce, "Kai, bar wannan. Yaro ne kai." Ashe bai manta ba, ko ranar ban ambata ba ya gane. Na ce duk da haka ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun kafin ya kai tashar mota. Sannan ya ce in na koma wurin tsohon in gaishe shi, in tambaye shi nawa suke sayen zarensu.

Na sauko da yamma na duba, akwatin yana nan a kife, tarun a naɗe, tsohon ya tashi. Na shiga shago na sayi kifi ɗanye guda biyu, aka naɗe mini a takarda, na rungumo shi a jirgi har Connolly. Ɗan Maraɗi ya buɗe ƙofa ya ce, "Malam, wa zai gyara wannan?" Na ce ya miƙo wuƙa.

Saura mako biyu azumi a lokacin, kuma rana ta fara kaiwa kusan ƙarfe tara ba ta faɗi ba. Yadda muka yi da azumin farko a Dablin, da wayar da ta same ni daga gida a daren goma sha bakwai, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.