Godiya ga waɗanda suka kai ni ƙarshen kilomita 21

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. Ranar Asabar, 21 ga Nuwamba 2020, Allah Ya nufe ni da kammala rabin gudun fanfalaki a gasar da aka yi karon farko a nan Kaduna. Kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, kuma wallahi waɗannan mitoci na ƙarshe ma sai da na ji su a jikina. Saƙonnin barka sun yi yawa a waya da Facebook, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a wuri guda. Sunana kaɗai aka rubuta a takardar shiga gasa, amma mutanen da suka yi aikin suna da yawa.

Zan fara da likitar da ta duba ni bayan an janye kullen korona a watan Yuni. Kowa ya san yadda muka yi zaman nan tun daga ƙarshen Maris: ci, kwanciya, azumi a gida, sai kuma ci. Da ta auna jinina ta ga ya haura 140 bisa 90, ba ta tsorata ni ba, ba ta kuma yi mini sassauci ba. Ta rubuta magani, ta ce in rage gishiri da dunƙule, sannan ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Da na koma daga baya da maganar shiga gasa, sai da ta sake gwada ni kafin ta yarda, da sharaɗin ba zan ajiye magani ba don na fara gudu. Likita, Allah Ya saka da alheri. Duk wanda ya haura arba'in irina, ya bi ta wajen irinta kafin ya ɗaura takalmi.

Sai Koci. Yaro ne da na girme shi nesa ba kusa ba, ɗan Filato, wanda ya tashi yana gudu a duwatsun Pankshin. A Dandalin Murtala muka haɗu bayan Babbar Sallah, ya gan ni na fita da gudu iya ƙarfina, kafin in zagaya sau ɗaya na dafa gwiwa ina haki. Ya ƙaraso ya ce, "Baba, ba haka ake yi ba. Ku yi gudun da za ku iya hira a cikinsa." Wannan jimla ita ce kusan duk karatun. Ya ɗora ni a kan gudun minti ɗaya da tafiyar minti biyu, har na riƙa jin kunya idan ’yan makaranta suka wuce ni. Sannu a hankali tafiyar ta ragu, gudun ya ƙaru. Doguwar fita sau ɗaya ce a mako, ranar Asabar, kuma bai taɓa yarda a ƙara fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma a kan nisan makon da ya wuce ba. Dalilinsa shi ne huhu da zuciya suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyoyi suna ɗaukar lokaci, kuma a tsakanin nan ne ciwon ƙwauri da na gwiwa suke kama mutum. Ranar hutu kuwa ya ɗauke ta da muhimmanci kamar ranar gudu. Da saura mako biyu a yi gasa, lokacin da nake ganin ya kamata a ƙara wuta, sai ya rage mini nisa, ya ce jiki ya tara ƙarfi.

A wajensa na fahimci dalilin da ya sa mutanensu suka yi fice a dogon zango a ƙasar nan. Tudun Filato ya haura mita 1,200 daga doron teku, Kaduna kuwa wajen rabin haka ne. Wanda ya saba gudu inda iska ba ta da kauri, jininsa kan ƙara yawan ƙwayoyin da ke ɗaukar iskar shaƙa, idan ya sauko ƙasa sai ya ji sauƙi. Garin Iten na Kenya, inda zakarunsu ke atisaye, yana kan mita 2,400. Ni dai a ganina, da ana zuba wa yaran Pankshin rabin kulawar da ake ba ƙwallon ƙafa, da kyautar irin wannan gasa ba ta riƙa tsallaka iyaka ba. Koci bai taɓa karɓar sisina ba. Ko kuɗin mota na miƙa masa sai ya ce in ƙara in sayi safa mai kyau.

Uwargida, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Ke kike tashina kafin kiran assalatu a ranakun da jikina ya ce a'a. Ke kika wanke kayan da damina ta mayar ja da laka a watan Agusta da Satumba. Ke kika sauya girkin gida saboda mutum ɗaya, yara suna ƙorafin miya ba ta ji gishiri ba. Lokacin da aka sa dokar hana fita a ƙarshen Oktoba, ke kika kwashe turmi da bokitai daga tsakar gida don in samu wurin zagayawa, kina zaune a bakin ƙofa kina ƙirga mini kina dariya. Kuma ke kika toshe bakin masu cewa wai girma ya faɗi, magidanci da furfura yana tsere a titi. Allah Ya bar mu tare, Ya biya ki da Aljanna.

Hajiyarmu ba ta taɓa yarda da wannan al'amari ba, har gobe. Cewa take yi mutum lafiyarsa ƙalau ba abin da ya biyo shi, ya kama gudu. Amma daren Juma'a ta kira ni ta yi mini addu'a mai tsawo, ta ce idan na ji jiri in zauna, ba wanda zai kama ni. Hajiya, na gode, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ina gaida ’yan sintirin unguwarmu, waɗanda a farko suka tare ni da tocila da asuba suna tambayar daga ina zuwa ina, daga baya kuma su ne masu kore mini karnuka. Ina gaida mai shayin bakin titi da yake ajiye mini ruwa ba tare da na roƙa ba, duk da kullum sai ya ce, "Malam, yau ma wa ya koro ka?" Da mai gwanjon da ya hana ni ɗaukar takalmin da ya yi mini daidai cif, ya ce in ɗauki wanda ya ɗara da faɗin babban yatsa domin ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya. Da gaskiyarsa, farcena duka goma suna nan.

Ranar gasa, shawarar Koci ɗaya ce: kada in gwada sabon abu. Tsohon takalmi, tsohuwar riga, basilin a cinya da hammata saboda gurzuwa, dabino a aljihu, da ruwan gishiri da sukari. Sanyin hunturu ya fara shigowa, hakan ya taimaka da safe, amma iskar busasshiya ce, tana shanye gumi mutum bai san yana rasa ruwa ba. Saboda haka ina miƙa godiya ta musamman ga matasan da suka tsaya a hanya suna miƙa ruwa, da ma'aikatan lafiya, da jami'an da suka tsare hanya, da masu ababen hawa da suka yi haƙuri da rufe titi saboda mu.

Kilomita goma sha biyar na farko sun tafi lafiya. Wajen na sha bakwai ne abin ya juye. An faɗa mini cewa abincin da tsoka ke ajiyewa yakan fara ƙarewa bayan kamar awa ɗaya da rabi ana gudu, amma ji daban, gani daban. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, na koma tafiya, ina kallon gefen titi ina neman inda zan zauna. Sai wata baiwar Allah da ba za ta gaza shekaruna ba, da hijabinta da dogon wando, ta rage gudu ta daidaita da ni. Ta ce, "Yaya, ba a nan za ka tsaya ba. Ka ga falwayar can? Ita kaɗai za mu kai." Muka kai. Ta nuna ta gaba. Haka muka yi ta bin falwaya har muka fara jin hayaniyar wurin ƙarewa, sannan ta ƙara wuta ta bar ni. Ban san sunanta ba, ban kuma sake ganinta a cikin taron ba. Idan wannan rubutu ya isa gare ki, ko ga wanda ya san ki, ’yar'uwa na gode, Allah Ya tsaya miki a ranar da kike buƙata.

Masu tambayar na nawa na zo, ku yi haƙuri. Na kusa cinye awa uku. Geoffrey Kamworor na Kenya ya yi wannan nisa a minti 58 da daƙiƙa 1 a Copenhagen a 2019, wato da tare muka tashi, da ya gama ya yi wanka ya karya kumallo ni ban kai rabi ba. Ƙanena ya riga ya yi mini wannan lissafi a gaban jama'a, ba sai wani ya maimaita ba.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, Allah Ya san da shi. Abokan masallaci da suka ga ina sallah a zaune tun ranar Asabar, lafiya lau nake, cinyoyi ne kawai suka ƙi lanƙwasuwa. Koci ya ce in huta mako biyu, tafiya kaɗai. Bayan nan, in Allah Ya yarda, muna Dandalin Murtala ranar Asabar bayan sallar asuba. Mutum uku sun riga sun ce za su zo, ciki har da mai shayi, kuma da gudun minti ɗaya za a fara.