Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Inna ta ce ba mai sa mata wuƙa

Makon jiya na tsaya muku a inda sakamakon ƴar tsokar da aka gutsura a nonon Inna ya dawo daga Yamai. Takardar hannun Yaya ta faɗa. Shi ya kai wa lokotoro, shi aka yi wa bayani da Faransanci, mai ciwon tana waje kan benci tana jan carbi. Da ya fito sai ya ce mata ƙari ne, za a ɗan yi mata aiki a Yamai a dawo. Ni kuwa ya ja ni gefe ya ce sankara ce. Za a cire nonon gaba ɗaya, a bi da shimiyo, wato ruwan maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, wataƙila har a gasa wurin da hasken na'ura. Ya ce ko da wasa kada in faɗa mata.

Matar da ta yi shekaru tana tuyar ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa a unguwar Mokoyo ta Maraɗi, ta aurar da ƴaƴa da kuɗinsa, ita za a yi wa ƙus-ƙus a cikin gidanta? Bayan sallar isha ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce a kira mata "wancan", don Yaya ɗan fari ne, har yau ba ta faɗin sunansa.

"Daji ne ko?"

Ba wanda ya amsa.

"To, na ji. Ku ma ku ji nawa. Ba mai sa mani wuƙa. Yadda Allah ya kawo ni haka zan koma mishi."

Yaya ya fara, "Haba Inna, ki yi haƙuri ki saurara," ta ɗaga masa hannu. Ta ce ita ta yi jinyar Hajiya maƙwabciyarmu, ita ta riƙe mata kwano tana amai, ita ta share gashinta da ya zube kan matashi, ita ta ga faratanta sun yi baƙi. An kai ta Yamai da ƙafarta, an yanke nonon, an ɗura mata ruwan nan, ba ta ga wata damina ba. Ta ce kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya watsu. Can ƙasa-ƙasa kuma ta ƙara da cewa ba za a sayar da gonar bakin Gulbi a kanta ba, gadon marayu ce.

Maganar gonar ba ta ƙarya ba ce. Tun 2007 gwamnati ta ce maganin sankarar mata kyauta ne, kuma tun 2021 akwai na'urar gasa sankara a cibiyar yaƙi da ciwon da ke Yamai, ba sai an ƙetara ƙasa ba kamar da. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Kuɗin mota na mai ciwo da na mai jinya, masauki, abinci, gwajin jini kafin kowane zagaye na shimiyo, a je a dawo a sake komawa, duk wannan aljihun dangi ne. Inna ba ta yi lakkol ba, amma lissafi ba ya kuɓuce mata.

Maganar Hajiya ce take da gyara. Hajiya ta ɓoye nata har ya fashe yana wari, kafin a je Yamai ya riga ya kama ƙashin bayanta. Haka mata da yawa suke yi a nan: sai an gama zagaye malamai da masu saiwa, abin ya gagara, sannan a tafi likita. Idan aka rasu, sai unguwa ta ce wuƙa ce ta kashe. Wadda ta je da wuri ta warke ba ta yawo tana buɗe ƙirji a gani, shi ya sa ba a jin labarinta. Zubewar gashin ma akwai dalili: shimiyo yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne, na sankara da na gashi da na cikin baki duk ya haɗa, kuma in an gama gashin yana tsirowa.

Washegari Kawu ya zo da nasa albishir. Akwai wani mai magani a wani ƙauye kan hanyar Ɗan Isa, gado ya yi, ba ya kuskure, har daga Katsina ana zuwa masa. Ruwan jiƙo a jarka, garin sha da kunu, da wani haɗi da ake shafawa a nonon "ya tsotso dajin waje". Jika hamsin kafin alƙalami, sauran sai an ga sauƙi. Inna ta ce shi take so.

Daga nan gida ya rabu. Yaya ya ƙulla dabara: za a ce mata matar ƙanensa da ke Yamai ta haihu, a sa ta mota, in ya so da an isa sai a wuce da ita likita, a yi mata allurar barci, ta farka an gama. Har ya je ya sami lokotoron da maganar. Shi ya zo yana ba ni labari yana huci, wai mutumin ya ce masa ba a yi. Babba mai hankalinsa ba a yanka shi sai da yardarsa da sa hannunsa, ko ɗansa ne ya kawo shi. Da ƙaramin yaro ne iyaye suka hana a yi masa magani, ko wanda hankalinsa ya gushe, da maganar ta sha bamban. Amma Inna tana gane kowa, tana kama kuɗinta, tana azuminta. Jikinta ne.

Da bai samu nan ba sai ya nufi limamin unguwarmu, yana zaton zai ce ƙin magani kisan kai ne. Malam ya karanto masa hadisin da ya ce bayin Allah su nemi magani, don Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Yaya ya fara gyaɗa kai. Sai Malam ya ƙara da na Nana A'isha da ke cikin Buhari: a ciwon ajalin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an ɗura masa magani ta gefen baki alhali ya yi nuni kada a yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo sai ya ce duk wanda ke ɗakin shi ma a ɗura masa, ban da baffansa Abbas da bai halarta ba. Malam ya ce masa, "Ka lallashi mahaifiyarka, ka yi mata nasiha har ka gaji. Ɗure kam babu."

Ni a raina shimiyon nake so mata, ba na ɓoye wannan. Na yi ta bincike a waya da dare. A 2018 wasu likitoci na jami'ar Yale a Amurka sun fitar da nazari kan mutanen da suka bar maganin asibiti suka tsaya ga na gargajiya zalla: haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi, ga masu sankarar nono kuwa ya haura sau biyar. Steve Jobs mai kamfanin Apple, da kuɗinsa da iliminsa, an gano masa ƙari a 2003, ya yi wata 9 yana ƙin aiki yana gwada tsarin abinci da wasu dabaru kafin ya yarda a 2004, ya rasu a 2011. Ba wanda ya ɗaure shi, don ba wanda ke da ikon yin haka. Kuma ba wai na raina itace ba ne. Ni kaina da sabara da zogale aka raine ni. Cikin magungunan shimiyon ma akwai wanda daga wata fure ta Madagaska aka samo shi, ana ce masa vinkiristin. Sai dai shi an auna shi, an gwada shi kan mutane da yawa, an san nawa ke magani nawa ke kisa. Jarkar mutumin Kawu shi kaɗai ya san abin da ke ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kowa yana ta cewa Inna ta ƙi, Inna ta ƙi. Me ta ƙi? Ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata gaskiyar ciwonta da harshen da take ji. Ɗanta ya ce mata ƙari ne. Lokotoro da ɗanta ya yi magana. Mutum ɗaya ne ya aiko mata da magana sak da Hausa, shi ne mai maganin, shi kuma alƙawarin warkewa ya yi. Wanda aka rufe wa ido aka ce ya zaɓa, ni ban ga zaɓin da ya yi ba, ko ya ce i ko ya ce a'a. In haƙƙinta ne ta ƙi, to haƙƙinta ne ta fara ji.

Na same ta da hantsi tana tsintar wake. Na ce, "Inna, alfarma ɗaya nake roƙo. Mu je ki ji da kunnenki. In kin ji kika ce a'a, wallahi ni zan tsaya miki gaban Yaya."

Ta daɗe tana kallona. "Ba dabara ba ce, ɗiyata?"

Na rantse mata.

Muka hau adaidaita mu biyu. Na roƙi lokotoron ya bar Faransanci, ya kuma dubi ita in yana magana, ba ni ba. Ya jawo kujera kusa da ita. Ya ce, "Inna, abin da ke nononki yanzu bai wuce ɗan goro ba, kuma hoton da muka yi bai nuna ya tafi wani wuri ba. A irin wannan lokacin ne aka fi samun sa'a. In aka bar shi zai girma, ya bi ta hammata, ya shiga ƙashi ko huhu ko hanta. In ya kai can sai dai mu rage miki zafi." Bai yi mata alƙawarin warkewa ba, ya ce wannan na Allah ne. Ta tambaye shi ko wuƙa tana watsa daji, ya ce a'a, ya yi mata bayanin irin na Hajiya ba tare da ya san Hajiyar ba. Ta tambayi zagaye nawa ne ruwan, da ko za ta iya sallah a tsaye, da wa zai zauna da ita a Yamai. Tambayoyin da Yaya bai taɓa yi ba.

Da ya gama ta gyara mayafi ta ce, "Na gode, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na ji, kuma na gane. Amma zan fara gwada na gida."

Cikina ya juya. Na yi alƙawari, sai na haɗiye.

Bai ɗaga mata murya ba. Ya kawo takarda, ya karanta ya fassara mata cewa an yi mata bayani ta ƙi da kanta, ta dangwala yatsa. Sannan ya nemi abu uku a wurinta. Kada ta yarda a shafa mata wani abu mai cin fata ko a tsaga wurin. Ta kawo duk abin da take sha ya gani, don wasu saiwoyin suna taɓa hanta da ƙoda, in sun lalace ko ta dawo shimiyon ba zai yiwu ba. Kuma duk wata ta zo a auna ƙarin. Ya ɗauko ɗan ma'auni ya auna a gabanta, ya rubuta lambar a katinta, ya nuna mata. Ya ce in maganin gida yana aiki lambar za ta ragu, ita da kanta za ta gani, in ta ƙaru kuma ƙofarsa a buɗe take, ba zai ce mata "ai na faɗa miki" ba. Wannan ta yarda da shi, har da cewa ai ciniki ma da mudu ake yi.

Da Yaya ya ji, cewa ya yi na kai uwarmu ta sa hannu a takardar mutuwarta. Ya daina amsa gaisuwata, matarsa ma ta daina aiko yara gidana. Kawu kuwa ya iso ranar Juma'a da jarka biyu ɗaure bayan babur, da ƙullin gari, da wani baƙin haɗi a gwangwanin madara wanda mai maganin ya ce in ba a shafa shi ba sauran duk banza ne. Inna ta karɓi jarkokin, ta tura gwangwanin ƙarƙashin gado ta ce a bar shi tukuna.

Yadda aka ƙare da gwangwanin nan, da lambar da aka samu a awon farko, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.