Abin da lambobin Fermat suka koya mini

A cikin karatun ilimin lambobi da na yi a jami'a, babu lambar da ta gyara mini tunani kamar 4,294,967,297, wadda ake samu idan aka jera 2 sau 32, aka ninka su, sannan aka ƙara 1. Ita ce ta shida a jerin lambobin Fermat, bayan 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537; a wannan jerin, ana samun kowace lamba ne idan aka cire 1 daga wadda ta gabace ta, aka ninka abin da ya rage da kansa, sannan aka ƙara 1. Waɗannan biyar ba sa rabuwa da kowace lamba sai da 1 da su kansu, abin da ya sa Pierre de Fermat, lauyan nan Bafaranshe, ya rubuta a 1640 cewa yana kyautata zaton duk jerin haka yake. Sai a 1732 masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna cewa ta shidan mai rabuwa ce, domin 641 sau 6,700,417 ne ke ba da ita.

Yadda Euler ya kai ga 641 shi ya fi tsaya mini a rai. Wanda ya nufi lambar da gwaji bi da bi, yana son tabbatar da cewa ba ta rabuwa, sai ya shirya raba ta da lambobi marasa rabuwa har 6,542, wato duk waɗanda ke ƙasa da 65,536, domin idan tana rabuwa dole ɗaya daga masu raba ta ya kasance a cikinsu. Shi kuwa Euler siffar lambar ya duba, ya gano cewa duk mai raba ta dole ne ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Da wannan sharaɗi, 'yan takarar daga cikin lambobi marasa rabuwa suka koma 193 da 257 da 449 da 577, sannan 641 a matsayi na biyar. Tun daga nan nake tsayawa in tambayi kaina me ginin lamba ya haramta wa masu raba ta, kafin in ɗauki alƙalami ko in kunna kwamfuta.

Darasi na biyu ya fi zurfi, kuma a ganina shi ne ɗalibai suka fi buƙatar a jaddada musu: tabbatar da cewa lamba tana rabuwa aiki ne daban, gano masu raba ta kuma wani aiki ne daban mai tsananin wuya. Gwajin Pépin na 1877 ya bayyana wannan ƙarara. Ana farawa da 3, a ninka ta da kanta, a raba da lambar Fermat ɗin a riƙe saura, a sake ninka sauran da kansa, a yi ta maimaitawa. Ga lambar nan ta shida da Euler ya raba, sau 31 kawai ake yi. Idan sauran ƙarshe bai gaza lambar da 1 daidai ba, to tabbas mai rabuwa ce, amma gwajin ba ya faɗin ko ɗaya daga masu raba ta. Kamar mutum ne ya ji motsi a cikin ɗaki ya tabbata akwai wani, alhali bai ga fuskarsa ba.

Tarihi ya nuna girman wannan tazara. Lambar Fermat mai alƙaluma 39, wadda ake kira F7 (ta takwas a jerin, domin daga F0 ake fara ƙirga), an tabbatar tana rabuwa tun 1905, amma sai a 1970 Morrison da Brillhart suka fitar da masu raba ta da taimakon kwamfuta. F20 kuwa, mai alƙaluma 315,653, Young da Buell sun tabbatar da rabuwarta a 1987, kuma an shafe shekaru fiye da talatin bayan haka ba a gano mai raba ta ko guda ba.

A kan wannan tazarar ce aka gina tsarin ɓoye bayanai na RSA a 1977, wanda har yau yana cikin abubuwan da ke kare hada-hadar kuɗi a intanet. Ana ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa, a bayyana sakamakon ga kowa, domin kowa yana iya tabbatar da cewa yana rabuwa cikin ƙiftawar ido, amma kwance shi zuwa lambobinsa biyu na asali ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su idan alƙalumansa sun kai 617, girman da aka fi amfani da shi ga wannan sakamakon, wanda ake kira mabuɗi.