Asabar: wai ni ce mai tafi

Makirifon da Auta ta yi oda ya iso da hantsi, irin mara waya ɗin nan mai sifika a gindi. Kafin azahar ta riga ta haɗa shi da talabijin ɗin falo, ta buɗe YouTube, ta ɗauko littafin rubutu tana tsara wa za ta yi wace waƙa a daren 'yan mata da za mu yi wa Amarya ranar Alhamis. Mu-ya-mu ne, mata zalla, a gidan Yaya Babba. Karaoke dai: kiɗa na tafiya, baitoci na fitowa a allo, ke kuma ki sa murya.

Da aka zo kaina, Auta ta sa mini wata waƙar fim ɗin Hausa da duk muka haddace tun muna sakandare. Baitin namiji ya wuce, na ja numfashi na shiga na mace. Layi biyu na yi, maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Anti tana kan kujera tana yankan alayyahu, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ke dai 'yar nan ki riƙe mana tafi. Wannan murya taki ai sai sallama a ƙofar gida."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Sai da na shiga kicin ɗora ruwan shinkafa na ji maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ba yau aka fara ba. Masu kai kaya in sun kira waya sau tari "ranka ya daɗe" suke fara ce mini. A islamiyya ni ake turawa layin baya in za a yi waƙen maulidi. Duk wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abin da ya tsaya mini yau shi ne yadda kowa a falon ya yarda, ba gardama, cewa muryar waƙa ta mace ita ce siririya, mai tashi sama kamar za ta tsinke. Daga ina muka samo wannan? Daga Indiya mana. Tun shekarun 1960 ake cika silima a Kano ana kallon finafinansu, iyayenmu suka girma da muryar Lata Mangeshkar a kunne, masu waƙar finafinanmu suka gaji salon, yanzu kuma a situdiyo ana ƙara matse muryar da kwamfuta. To wadda Allah ya ba ta mai kauri fa?

Gwaggo ce ta shigo ɗibar ruwan zafi ta same ni ina wanke shinkafar da ta riga ta wanku.

"Maganar uwar ɗakinki ce ta ɓata miki rai?"

Na ce a'a, Gwaggo.

"Ƙarya kike. Ke kin taɓa jin Barmani? Da tsiwirwirin murya take cika gidan biki? Ƙwarya na tashi, ita tana samanta." Ta ɗauki butarta ta fice. Gwaggo ba ta rarrashi, faɗa take yi ta wuce.

Allah ya jiƙan Barmani Choge, a 2013 ta rasu, amma gaskiyar Gwaggo ce.

Bayan la'asar kowa ya watse, na ɗauko makirifon na kulle ɗaki. Abin da na gano, ga wadda take irina:

Farkon waƙa yaudara ne. Amshi za ki duba. "Someone Like You" ta Adele ta fara can ƙasa, kina jin daɗi kina cewa yau na samu tawa, amshi na zuwa sai ta haye inda ba za ki bi ta ba. Ita ma "Un-Break My Heart" ta Toni Braxton, ta 1996, baitocinta kamar don ni aka rubuta su, har akwai wuraren da Auta ba za ta iya saukowa ba ko za a biya ta. Amma wajen ƙarshe tana da hawa. Don haka yanzu in na buɗe waƙa, tsallakawa nake yi zuwa amshin ƙarshe in gwada shi tukuna. In ya shiga ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba, sannan in koma farko.

Wadda ta zauna mini daram ita ce "Smooth Operator" ta Sade, 1984. Ba ihu, ba hawa, daga farko har ƙarshe tana tafiya a wuri ɗaya cikin natsuwa. A Ibadan fa aka haifi matar nan, a 1959, kuma da muryar nan mai kauri duniya ta san ta. "Fast Car" ta Tracy Chapman ma ta hau muryata, sai dai kalmomin sun yi yawa, suna gudu a allo, Turancina na haki a bayansu. Sai "Jailer" ta Asa, wadda nake ganin ita za ta fi tayar da falon, tunda kowa ya san amshinta.

Akwai kuma dabarar sauke kiɗan. Na'urorin karaoke na gaske suna da maɓallin da ke rage tashin sauti rabin mataki duk dannawa ɗaya. YouTube ba shi da shi, amma mutane sun ɗora waƙoƙi da yawa da aka riga aka sauke. Na gwada wata da aka sauke mataki kaɗan, ta yi daidai. Wata kuma an sauke ta da yawa, kiɗan ya yi nauyi ya dagule, daɗin ya tafi.

Babban abin dariyar shi ne waƙar farko, wadda aka yi mini dariya a kanta. Na sake sa ta, na bar baitin mace ya wuce, na ɗauki na namijin. Cif. Mawaƙanmu maza da yawa ai da siririyar murya suke yi, inda suke tsayawa nan ne tsakiyar tawa. Na kira Auta, ta yi macen na yi namijin, muka kai ƙarshe ba wadda ta shaƙe. Har da rawar kafaɗa.

Shinkafar ta ɗan kama. An ɗauke wuta wajen magariba. Telan bai gama ankon ba, wai gobe.

Da dare Auta ta turo jerin a zauren WhatsApp na biki. Sunana na wurin sau biyu, ɗaya ni kaɗai da waƙar Sade, ɗaya ni da Auta. Anti ta sa alamar dariya a ƙasa, ba ta rubuta komai ba. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Matar ƙanin Baba ce, ita ta yi mini wankan jego, ba abin da zan faɗa mata da ba zai dawo ta bakin Mama ba. Amma ina ta tunanin shekarun da na yi a bukukuwa ina tafi, don an gaya mini shi ne aikina, kuma ban taɓa tambayar wa ya raba aikin ba.

Na ce wa Auta ranar Alhamis ta sa ni ta farko, kafin Anti ta tafi sallar isha'i.