Abin da na koya daga Esperanto da Volapük

Sauƙin Esperanto ne ya fara jan hankalina zuwa karatun harsunan da aka ƙirƙira da gangan. Wani likitan ido, Zamenhof, ne ya wallafa shi a Warsaw a 1887, da ƙa'idodin nahawu 16 kacal. Kowane suna yana ƙarewa da -o, sifa da -a. Aikatau kuwa -as ne na yanzu, -is na da, -os na gaba, babu ko ɗaya da ya kauce. Cikin 'yan makonni mutum zai fara haɗa jimla.

Sai dai sauƙin nan na wa ne? Galibin kalmomin daga Latin, Faransanci, Jamusanci da Ingilishi aka ɗebo su. Bafaranshe ya iso da guzurinsa a hannu, ɗan Japan kuwa sai ya haddace kusan komai daga tushe.

Darasin da ya fi zauna mini daga tarihin Volapük ya fito. Wani limamin coci Bajamushe, Schleyer, ne ya ƙirƙiro shi a 1879. Cikin shekara goma ya bazu: ƙungiyoyi ɗaruruwa, mujallu, har da babban taro a Faris a 1889 wanda aka gudanar da harshen. Sai masu amfani da shi, a ƙarƙashin jagorancin wani malamin harsuna, Kerckhoffs, suka nemi a rage masa wahala. Schleyer ya ce atafau, harshen nasa ne, shi ke da ta cewa. Kai ya rabu, jama'a suka watse, wasu suka koma Esperanto. A ganina, riƙon da mai shi ya yi masa ya fi nahawunsa cutar da shi.

Zamenhof bai yi haka ba. Tun a littafinsa na farko ya yafe haƙƙin mallaka. A taron masu Esperanto na 1905 a Boulogne-sur-Mer, Faransa, aka amince da tushen harshen da ba za a taɓa ba, sauran aka bar wa masu magana. Shi ya sa da masu neman gyara suka ɓalle da nasu sabon harshen mai suna Ido a 1907, yawancin jama'a ba su bi su ba. Yau har akwai waɗanda suka tashi da Esperanto tun suna goye.

Duk da haka bai zama harshen duniya ba. Da aka kai batunsa gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci (League of Nations) bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa ce ta taka masa birki, don a lokacin harshenta ne na diflomasiyya. Daga baya Ingilishi, da duk karkatattun ƙa'idodinsa, ya karɓe gurbin.